Teku da Daminar Arewacin Zamfara: Sharhi Kan Abin da Ke Juya Ruwan Sama

Maganganu biyu ke yawo a bakin mutane daga Kaura Namoda zuwa Zurmi da Shinkafi game da ruwan sama, kuma ba sa shan inuwa ɗaya. Ta farko ita ce damina ta lalace: an sare daji, dabbobi sun cinye ciyawa, hamada tana kwararowa daga arewa, shi ya sa ruwa ya ragu. Ta biyu kuwa ido ne ke ba da shaidarta, domin a 'yan shekarun nan ruwa yakan yi yawa har ya rushe gidajen ƙasa, ya shanye shinkafar fadama, ya yanke hanya. Mutum ɗaya kan faɗi ta farko da safe a majalisa, ya faɗi ta biyu da yamma, bai lura sun ci karo ba. In da sare itace ne kaɗai ke korar ruwa, ai babu mai cewa dajin Zamfara ya fi na 1984 duhu a yau, amma ga shi daminar yanzu ta fi ta 1984 ruwa nesa ba kusa ba. Ke nan akwai abin da ya fi gatari ƙarfi a wannan lamari. Hujjojin da masana suka tara cikin shekara hamsin da suka wuce, daga laka da yashi da ma'aunan ruwa, sun nuna cewa teku ne, duk da yana nesa da mu da kusan kilomita 700. Ra'ayina shi ne teku ke da babban hannu wajen yawan ruwan da sama ke kawowa a tsawon shekaru, ƙasa da abin da muke yi mata kuma su ke hukunta inda ruwan zai tafi bayan ya sauka. Cakuɗa waɗannan biyu ya jawo an ɗora wa manomi da makiyayi laifin da ba nasu ba, ya kuma sa ana shiri don matsalar da ba ita ce a gabanmu ba.

Kalmomin da za a yi aiki da su

Kalmar yanayi tana ɗaukar abu biyu a Hausa, kuma a nan ake fara ruɗewa. Akwai yanayin yau da gobe: ko hadari zai haɗu da la'asar, ko hazo zai sauka jibi. Akwai kuma yanayin dogon zango, wato halin da sama ta saba nunawa a wani wuri in an haɗa shekaru da yawa aka duba, kuma masana sukan ɗauki shekara 30 a matsayin ma'auni. Damina ɗaya da ta yi gardama ba ta isa a ce yanayin dogon zango ya sauya ba. Ana auna ruwan sama da milimita: in ruwa ya zuba a fili bai gudu ba, bai nutse ba, zurfinsa shi ne adadin. Arewacin Zamfara yana tsakanin Sakkwato, mai samun kusan milimita 650 a shekara, da Gusau, mai samun kusan 900. Sahel kalma ce da aka aro daga Larabci don yankin da ke gefen kudu na Sahara, daga Senegal har Sudan, kuma mu muna bakinsa na kudu. El Nino kuma suna ne daga Sifaniyanci da ake kiran ɗumamar da saman Tekun Fasifik ke yi a gabashinsa duk bayan shekara biyu zuwa bakwai. In an ce zafin saman teku, ana nufin ɗumin ruwan da ke taɓa iska, kuma bambancin da bai kai digiri ɗaya a ma'aunin Selshiyas ba yana iya juya daminar nahiya guda.

Hadarin gabas, ruwan kudu

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san daga gabas hadari ke tasowa. Gari ya yi baƙi ta can, iska ta taso da ƙura da tsinkayen kara, mata su ruga kwashe shanya, sannan ruwa ya kece ya wuce yamma. Saboda haka in aka ce wa manomin Zurmi ruwan gonarsa daga kudu maso yamma yake, yana da dalilin yin musu. Gaskiyar ita ce iska hawa-hawa take. A bazara rana tana gasa Sahara, iska mai zafi ta tashi sama, sai wurin ya riƙa zuƙo iska daga kewaye. Wadda ke tahowa daga Tekun Atlantika ta wajen gaɓar Legas da Kwatano tana tafe ƙasa-ƙasa, ɗauke da tururin ruwa, ita ce iskar bazara da ke sa zufa ta ƙi bushewa a watan Mayu. Tana tura busasshiyar iskar hunturu baya, layin da suke haɗuwa yana hawa arewa har ya wuce Agadas a watan Agusta, sannan ya juyo. A sama kuma, wajen kilomita 3 zuwa 4 daga ƙasa, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma, ita ce ke kora gajimaren bayan ya haɗu. Don haka abin da ido ke gani daidai ne, hadarin daga gabas yake tafiya, amma kayan da aka haɗa shi da su daga teku aka ɗauko mafi yawansu.

Abin da ya ba teku wannan iko shi ne jinkirinsa. Yashin tsakar gida yakan ƙona ƙafa da azahar ya huce kafin isha'i, ruwan randa kuwa yana nan yadda yake. Haka teku, wanda ya rufe kusan kashi 71 cikin ɗari na bayan ƙasa: 'yan mitoci kaɗan na samansa suna riƙe zafi daidai da dukan iskar da ta lulluɓe duniya. In wani sashensa ya ɗumama ko ya huce, yakan daɗe a haka shekaru, wani lokaci gomman shekaru. Ƙa'idar da bincike ya tabbatar kuma mai sauƙin riƙewa ce: ɗamarar ruwan sama ta tsakiyar duniya tana karkata zuwa ɓangaren da ya fi ɗumi. In Atlantika ta arewa ta fi ta kudu ɗumi, iskar bazara takan kutsa can cikin ƙasa, Shinkafi da Maraɗi su sha ruwa. In ta arewa ta huce, ko kuma ruwan gaɓar Gini, wato tekun da ke daura da Legas da Kwatano, ya yi ɗumi fiye da kima, sai ruwan ya sauke kayansa a bakin teku da kurmi, ya iso mana a makare kuma a gajiye.

Shaidar da ke ƙarƙashin gonakin gero

Jigawar da ake shuka gero da wake a kanta a arewacin Zamfara da Katsina da Kano tana da tarihi. A 1958 wani masanin labarin ƙasa na Ingila, A. T. Grove, ya bayyana cewa dogayen tudun rairayi da suka miƙe a ƙasar Hausa tsofaffin tulin yashin hamada ne da suka mutu, ciyawa da itace suka ɗaure su. A 1971 wasu masana ƙasar noma biyu daga Holan, Sombroek da Zonneveld, suka wallafa bincikensu kan kwarin Rima da Sakkwato, suka rarrabe yashin da iska ta jibge a zamuna daban-daban, har suka raɗa wa wani rukuni sunan Zurmi, wani kuma Illela. Tulin yashi ba ya tafiya sai inda ruwan shekara bai wuce kimanin milimita 150 ba. Ke nan akwai lokacin da ƙasar da kogunan Bunsuru da Gagare ke ratsawa take samun ƙasa da rubu'in ruwan da take samu yau, kuma iyakar Sahara ta sauko kudu da ɗaruruwan kilomitoci. Wannan ya faru dubban shekaru kafin a san garma ko garken shanu a yankin, balle gawayin sayarwa.

Me ya kawo irin wannan bushewa? Amsar ta fito daga ƙasan teku. Masu bincike sukan kafa dogon bututu a lakar da ke kwance a gindin teku su zaro ta, kowane shimfiɗi yana wakiltar wani zamani, ƙurar hamada da lakar kogi suna bambanta a ciki. Wani irin wannan aiki da Stefan Mulitza da abokan aikinsa suka wallafa a 2008, daga lakar da ke daura da bakin Kogin Senegal, ya nuna cewa mafi munin farin da Sahel ta sha ya zo daidai da lokutan da manyan ƙanƙara suka ɓalle daga arewacin Amurka suka narke a Atlantika ta arewa. Na ƙarshe mai girma ya auku kimanin shekara 16,000 da suka wuce. A cikin Atlantika akwai wani gagarumin zagayen ruwa: ruwa mai ɗumi yana tafiya arewa ta sama, ya huce, ya yi nauyi saboda gishiri, ya nutse, ya dawo kudu ta ƙasa. Ruwan ƙanƙara ba shi da gishiri, saboda haka ya hana nutsewar, zagayen ya yi rauni, ɗumi ya daina isa arewa. Da arewa ta huce sai ɗamarar ruwan sama ta koma kudu, Sahel ta bushe ba na shekara goma ba, na ɗaruruwan shekaru.

Lokacin da Sahara ta yi kore

Daga baya al'amarin ya juye gaba ɗaya. Tsakanin kimanin shekara 11,000 zuwa 5,500 da suka wuce, Sahara ta cika da tafkuna da ciyawa. Tafkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita kusan 350,000, kuma tsohuwar gaɓarsa tana nan, ita ce dogon tudun yashin da ya bi ta Maiduguri da Bama. A Dufuna ta Jihar Yobe, wani makiyayi da ke haƙa rijiya a 1987 ya ci karo da kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda aka auna shekarunsa suka kai kimanin 8,000. A Gobero, cikin hamadar Tenere ta Nijar, an tono maƙabartar mutanen da ke kamun manyan kifaye da mashin ƙashi a inda yau ko ɗigon ruwa babu. Masomin wannan ni'ima ba teku ba ne. Juyawar duniya tana da wani tangaɗi da ke kammala zagaye cikin shekara 21,000 ko sama da haka kaɗan, kuma a wancan zamani ya sa hasken rana a bazarar arewacin duniya ya fi na yau ƙarfi da kusan kashi 7 cikin ɗari, Sahara ta ƙara zafi, ta ƙara zuƙo iskar teku. Sai dai da aka gwada wannan lissafi a kwamfuta, ƙarin rana kaɗai bai kai ruwa can tsakiyar hamada ba. A 1997 John Kutzbach da Zhengyu Liu suka nuna cewa in an bar teku ya amsa, Atlantika ta arewa takan ɗumama ta ƙara wa damina ƙarfi. Ciyawa da tafkuna su ma suka ƙara nasu. Masana sun saɓa kan yadda zamanin ya ƙare: lakar tekun da ke daura da Muritaniya ta nuna ƙura ta dawo cikin gaggawa, lakar Tafkin Yoa a arewacin Chadi kuma ta nuna bushewa a hankali cikin dubban shekaru. Mai yiwuwa kowanne ya faɗi gaskiyar wurinsa.

Farin shekarun 1970 da 1980 da wanda aka ɗora wa laifi

Wani zai ce wannan duk labarin zamanin da ne, ina ruwan mai neman abin da zai sa a rumbu? Ruwansa shi ne abin da ya yi aiki a can shi ya yi aiki a idon iyayenmu. Ƙasar Hausa ta san yunwa tun kafin zamanin nan, har tana raɗa mata suna: Kakalaba ta 1914 bayan ruwan 1913 ya ƙi, da 'Yar Gusau ta farkon shekarun 1940, lokacin da mutane suka yi ta tattaki zuwa Gusau neman hatsi. Shekarun 1950 kuwa sun zo da ruwa mai albarka. A lokacin ne gyaɗa da auduga suka cika tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda, inda dogo ya tsaya tun 1929, noma ya faɗaɗa zuwa arewa, mutane suka ɗauka haka duniya take. Daga ƙarshen shekarun 1960 ruwa ya fara ja da baya. Aka yi farin 1972 da 1973, aka ɗan numfasa, sannan na 1983 da 1984 ya zo ya fi shi muni. In aka kwatanta da shekarun 1950, ruwan Sahel ya ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari. Tafkin Chadi da ke da faɗin murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya koma ƙasa da 2,000. Shanu sun mutu, rijiyoyi sun ƙafe, cin rani ya zama ƙaura.

Bayanin da ya fara samun karɓuwa ya nuna mutanen yankin da yatsa. Ba sabon zargi ba ne: tun 1935 wani malamin gandun daji, E. P. Stebbing, ya yi shelar cewa Sahara tana cin ƙasar Hausa saboda sassabe da kiwo, kodayake kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa da ya bi iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 da 1937 bai ga hamadar da ke tafiya ba. A 1975 Jule Charney, babban masanin yanayi a Amurka, ya ba zargin ƙafafun kimiyya. Ya ce in dabbobi suka cinye ciyawa, farar ƙasa takan mayar da hasken rana sama, iska ta daina tashi, hadari ya ƙi haɗuwa, ciyawa ta ƙara mutuwa. Taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan kwararowar hamada da aka yi a Nairobi a 1977 ya yaɗa wannan fahimta, ta shiga littattafan makaranta da jawaban hukuma, kuma ita ce har yau muke maimaitawa. Lissafin Charney ba shirme ba ne, amma hotunan tauraron ɗan'adam da suka biyo baya ba su nuna ƙasa ta yi farin da lissafin ke bukata ba. Abin da suka nuna shi ne bakin hamada yana gaba yana baya gwargwadon ruwan kowace shekara.

Tun 1978 Peter Lamb ya lura cewa shekarun fari a Sahel suna tafiya tare da wani salon zafi da sanyi a Atlantika. A 1986 Folland da Palmer da Parker na hukumar yanayi ta Ingila suka nuna cewa fari yana zuwa ne lokacin da tekunan kudancin duniya suka fi na arewa ɗumi. Gwajin da ya fi gamsar da ni shi ne na Alessandra Giannini da abokan aikinta a 2003. Sun ba kwamfuta zafin saman tekunan duniya kamar yadda aka auna shi daga 1930 zuwa 2000, ba su gaya mata an sare itace ko ɗaya ba, ba su ƙara mata saniya ko ɗaya ba, amma ta fitar da daminar shekarun 1950 mai ruwa da farin shekarun 1970 da 1980 a lokutansu. Abubuwa uku suka haɗu a kanmu: Atlantika ta arewa ta huce daga tsakiyar shekarun 1960, Tekun Indiya ya yi ta ɗumama yana jan hadari zuwa kansa, El Nino kuma ya faɗo a 1972 da 1982. A 1984 ruwan gaɓar Gini ya yi ɗumi na ban mamaki, shekarar da a Maraɗi ake tuna yunwarta da sunan Buhari saboda gwamnatinsa ta rufe iyakar Nijeriya. Daga tsakiyar shekarun 1990 Atlantika ta arewa ta sake ɗumama, ruwa kuma ya fara dawowa, ba tare da an rage yawan mutane ko dabbobi ba.

Akwai wani ɓangare na labarin da ya kamata kowane Bazamfare ya sani. Bincike da dama sun nuna cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka, musamman na ƙona kwal mai ɗauke da farar wuta, ya taimaka wajen hucewar Atlantika ta arewa, domin irin wannan hayaƙi yana tare hasken rana. Da ƙasashen suka kafa dokokin tsabtace iska daga shekarun 1970 zuwa 1980, hayaƙin ya ragu, tekun ya ɗumama. Masana ba su daidaita kan girman wannan kaso ba, wasu na ganin teku yana da nasa kaiwa da komowa na shekara 60 zuwa 80 ko da babu hayaƙi. Ko wanne ya fi rinjaye, makiyayin da ya rasa garkensa a 1973 kuma aka ce shi ya kori ruwa, an zalunce shi sau biyu.

Ƙorafe-ƙorafen da suka cancanci amsa

Na farko shi ne na mai cewa ruwa na Allah ne, Shi ke saukar da shi inda Ya so. Wannan gaskiya ce da babu mai imani da zai ja da ita, kuma babu abin da aka faɗa a sama da ya taɓa ta. Malamanmu sun daɗe da rarrabe sababi da Mai sabbabawa. Manomin da ya san taki na gyara gona bai fita daga tawakkali ba, haka wanda ya san ta hanyar da aka hore wa iska ta ɗauko tururi daga teku. Sallar roƙon ruwa tana nan a matsayinta, sanin hanyoyin ruwa kuma yana nan a nasa.

Na biyu ya fi nauyi: in teku ne, ashe sare daji ba laifi ba ne? Laifi ne babba, kuma a nan ne nake tsoron a juya maganata. Da farko, wani kaso na tururin da ke iso mana itatuwa da ƙasar da ke kudu da mu ne suka mayar da shi sama bayan ruwa ya sauka musu, don haka ƙasa tana ƙara wa abin da teku ya fara, ko alheri ko tsiya. Sannan milimita 700 a gona mai gawo da kalgo da sabara ba ɗaya ba ne da milimita 700 a fako. A ta farko ruwa yakan tsaya ya nutse, ganyen gawo da ke zuba da damina ya zama taki, saiwa ta riƙe ƙasa. A ta biyu ɗigon farko ke toshe fuskar ƙasa, saura ya gudu, ya haƙa kwazazzabo, ya kwashi yashi ya cika gulbi, gobe gulbin ya yi ambaliya da ruwan da bai kai ya kawo ba. Masu binciken ruwa a kewayen Yamai sun ga abin mamaki: a shekarun da ruwan sama ya ragu, ruwan da ke gudu zuwa tafkuna ƙaruwa ya yi, saboda an share daji. Manoman Maraɗi, maƙwabtan Shinkafi da Zurmi, sun nuna ɗaya fuskar. Daga tsakiyar shekarun 1980 suka rungumi sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma a gona ana yi masa aski maimakon a ƙone shi, kuma an kiyasta cewa kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar sun sake samun itace ta wannan hanya. Ba su jawo hadari daga Atlantika ba, amma sun sa ruwan da ya zo ya zauna.

Na uku daga masana kansu yake. Lakar Tafkin Bosumtwi da ke kusa da Kumasi, wadda Timothy Shanahan da abokansa suka bayyana a 2009, ta nuna cewa cikin shekara 3,000 fari mai ɗaukar gomman shekaru ya yi ta maimaituwa tare da sauyin Atlantika, har akwai wanda ya kama daga wajen 1400 zuwa 1750. Amma Bosumtwi a kurmi yake, kuma akwai shaidar cewa Tafkin Chadi yana cike a wani sashe na wannan lokaci, don haka ba daidai ba ne a ɗauki labarin Gana a shafa wa Zamfara kai tsaye. Shaida mafi kusa da mu ita ce ta dausayin Kajemarum a arewacin Yobe, inda laka ta shekara 5,500 ta nuna farin da ya fi na shekarun 1970 da 1980 daɗewa. Wasu masanan kuma suna ganin dawowar ruwa ta yanzu ta fi alaƙa da ɗumamar Sahara da Bahar Rum sakamakon iskar gas da ke ɗumama duniya. Wannan muhawara ce kan kason kowane dalili. Ban san wani bincike mai ƙarfi da ya mayar da babban laifin kan akuya da gatari ba.

Akwai kuma masu danganta ta'addancin da ya addabi Zurmi da Shinkafi da dajin Dumburum da ƙarancin ruwan sama. Lissafin shekaru bai goyi bayansu ba. A 1984, lokacin da fari ya kai maƙura, ana tafiya kasuwar Shinkafi lafiya a dawo lafiya. Rikicin ya ƙazanta ne bayan 2011, lokacin da damina ta riga ta farfaɗo. Farin baya ya talauta makiyaya da yawa, wannan gaskiya ne, amma cinye burtali da mashaya, rashin adalci a shari'a, yawan makamai da raunin hukuma abubuwa ne da hannun mutum ya yi, kuma jingina su ga sama hanya ce ta guje wa gyara.

Abin da ake tsammani nan gaba

Ruwan da ya dawo ba irin na shekarun 1950 ba ne. Wani bincike da Christopher Taylor ya jagoranta a 2017, bisa hotunan tauraron ɗan'adam tun daga 1982, ya gano cewa manyan hadura masu tsananin ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku. Jimillar shekara tana iya cika, amma a zuba ta cikin 'yan kwanaki, sannan a ɗauke mako biyu ko uku bayan shuka ta fito, manomi ya sake neman iri. Ambaliyar Goronyo ta 2010, ta ƙasa baki ɗaya a 2012 da 2022, da ta Gummi da Maiduguri a 2024, duk suna cikin wannan sabon hali. Yawancin lissafe-lissafen kwamfuta suna hasashen tsakiyar Sahel, inda muke, zai ƙara samun ruwa, yammacinta wajen Senegal kuma ya ragu, amma akwai waɗanda ke nuna bushewa, kuma zafi zai ƙaru ko ta yaya, ya riƙa shanye laimar ƙasa da wuri. Rahoton kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya ce zagayen ruwan Atlantika, wanda rauninsa ya taɓa tura hamada har ƙasar Hausa, zai yi rauni a wannan ƙarni, ko da yake bai sa ran zai tsaya cak kafin 2100 ba. Kuskuren shekarun 1950 shi ne ɗaukar damina mai kyau a matsayin gado. Wanda ke tsara noma ko gini ko madatsar ruwa a yau dole ya tsara wa ambaliya da fari a lokaci guda.

Jinkirin teku yana da amfani ɗaya a hannunmu: tunda zafinsa ba ya sauyawa dare ɗaya, ana iya duba shi a watan Janairu zuwa Afrilu a yi hasashen yadda damina za ta kasance. Da wannan ne hukumar yanayi ta Nijeriya, wato NiMet, ke fitar da hasashenta a farkon kowace shekara, haka ma cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974 bayan farin. Hasashe ne, yakan ci yakan kuskure, amma ya fi babu ga wanda zai zaɓa tsakanin gero mai saurin nuna da dawa mai dogon zango, ko zai yi binne ko zai jira ruwa ya zauna. Ina kira ga ƙananan hukumomin Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, da masarautunsu, su sa a riƙa karanta wannan hasashe da Hausa a rediyo da masallatan Juma'a da ranakun kasuwa kafin a fara shuka. Su kuma ajiye ma'aunin ruwan sama a kowace makarantar sakandare, a sa malami da ɗalibai su riƙa rubuta abin da ya sauka kullum, domin ma'aunin Gusau da na Sakkwato ba za su gaya wa manomin bakin Bunsuru abin da ya sauka a gonarsa ba.